Katakon Yankin Kainji Da Makomar Kafintocinmu

A Turai da Amurka masu hali na biyan kuɗi mai tsoka a kan teburi ko kantar ɗakin girki da aka yi da faffaɗan katako guda, wanda aka bar gefensa a karkace yadda Allah Ya halicci bishiyar. Kafintan Amurka George Nakashima, wanda ya rasu a 1990, shi ya fi fito da wannan salo. Ga mutanen Warra da Yawuri da Shanga kuwa, waɗanda masassaƙansu suka daɗe suna fitar da turmi da akushi da kwalekwale daga gungume ɗaya, wannan ba baƙon abu ba ne.

Abin takaici shi ne yadda muke yi da itatuwan da suka dace da aikin. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira Madrid, an yi ta lodinta gungume-gungume daga dazuzzukan Nijeriya zuwa ƙasar Sin, har yarjejeniyar CITES ta sanya ta cikin itatuwan da ake sa wa ido a 2016, sannan ta dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Kirya na ƙarewa a buhunan gawayi. Maɗaci da kawo, idan an tsaga su, da zarton inji na hannu ake yi, wanda ke mayar da kaso mai yawa na gungumen gari, sannan a sayar da katakon ɗanye. Ɗanyen katako kuwa ba ya jure hunturu: ya tsage, ya lanƙwashe, mai saye ya ɗora wa kafinta laifi. A ƙa'idar masu sana'ar, katako mai kauri sai an jera shi a inuwa, da ƙananan sanduna a tsakani don iska ta ratsa, an toshe bakinsa da fenti, ya yi wata da watanni. Wane ƙaramin kafinta ke da jarin wannan jira?

Ba muna cewa a far wa daji ba ne. Akwai bishiyoyin da iska ke kayarwa kowace damina, akwai kuma kututturan da ruwa ya shanye tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, waɗanda ke fasa jiragen fito. Ghana ta ƙulla yarjejeniya da wani kamfanin Kanada a 2006 domin ciro irinsu daga tafkin Volta.

Saboda haka muna kira ga Gwamnatin Jihar Kebbi da Ƙaramar Hukumar Ngaski da su kafa wa ƙungiyoyin kafintoci injin tsaga katako mai siririn zarto da rumfar busarwa a Warra, tare da rance mai sauƙi. Sashen gandun daji ya taƙaita lasisi ga itacen da ya faɗi ko aka ciro daga tafki, ya kuma wajabta dashen maɗaci ga duk wanda aka bai wa. Hukumar NIWA ita ma, idan ta share hanyar ruwa, ta miƙa gungumen da ke da sauran amfani ga waɗannan ƙungiyoyi.