A auna suga kafin a sa wuƙa

Sai kaka ta yi, an sayar da gyaɗa da wake, manomin Ajingi da ya shekara yana fama da gwaiwa yake samun kuɗin aiki. Ya nufi Babban Asibitin Gaya, ko a tura shi Asibitin Murtala a birni. Dangi su yi ta tambayar kuɗin tiyata da ranar sallama. Da wuya a ji wanda ya ce a fara duba sugan jininsa.

Alhali ƙididdigar Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Suga ta Duniya ta shekarar 2021 ta nuna fiye da rabin masu wannan ciwo a Afirka ba su san suna da shi ba. Mutum yana yawan fitsari da ƙishirwa, yana ramewa, sai ya ce basir ne ko wahalar gona.

Idan suga ya yi yawa a jini, ƙwayoyin da ke yaƙar cuta a jiki sukan yi sanyi. Ƙananan jijiyoyin da ke kai jini wurin yanka ma sun riga sun tsuke, don haka nama ba ya saurin haɗewa. Sai a ga ɗinkin da ya kamata ya kame cikin mako guda ya yi ruwa, ya kumbura, mugunya tana tsattsafowa, zazzaɓi ya biyo baya. Wahalar tiyatar kanta tana ƙara hawan suga, ko da mutum yana shan magani. Shi ya sa hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da shawara a 2017 cewa a riƙe sugan wanda za a yi wa aiki ƙasa da 200 a ma'auni.

Tun ba a zo kan suga ba ma, hatsarin yana da yawa. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kashi 11 cikin 100 na waɗanda ake yi wa tiyata a ƙasashe masu tasowa ciwonsu yana harbuwa, kuma a Afirka abin yakan kai mace ɗaya cikin biyar da aka ciro wa jariri ta hanyar aiki.

Abin da ya fi tayar da hankali yana faruwa ne bayan an dawo gida. 'Yan dubiya suna shigowa da lemon kwalba da Maltina, wai ya mayar da jini. Mai jego kuwa a dama mata kunun kanwa a zuba sukari. Duk ƙauna ce ta kawo hakan, amma ga mai ciwon suga illa ce. Ciwo ya fara wari, a aika yaro kemis ya sayo kafso, a fasa a barbaɗa, har ɗinki ya buɗe.

Awon suga ɗigon jini ɗaya ne daga ɗan yatsa, bai kai minti guda ba. Ya kamata Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kano ta wadata asibitocin Gaya da Ajingi da na'urar awon da tsinkenta, a auna duk wanda za a shiga da shi tiyata. Aikin da ba na gaggawa ba, a ɗaga shi har suga ya sauka.

Masu jinya kuma, da zarar kun ga ja ko kumburi ko ruwa a bakin ɗinki cikin kwana 30 na farko, ku mayar da mara lafiya asibiti a ranar.