'Yan babur, ku bar yanke kwana

Duk wanda ke bin hanyar Maradi zuwa Ɗan Issa da Jibiya, ko ta Ƙonni zuwa Illela, ya san wannan ɗabi'a: ɗan kabu-kabu ya iso kwana, maimakon ya rage gudu sai ya tsallake farin layin tsakiya ya shiga hannun wani, wai don ya miƙe hanya. Wasu na ganin gwaninta ce. A ganina ganganci ne, kuma mu 'yan kasuwa muna da hannu a ciki.

Bari mu yi lissafi irin namu na kasuwa. A kwana mai kaifi, abin da mai yankewa ke ragewa na tafiya mitoci kaɗan ne, lokacin da yake ci kuwa daƙiƙa ɗaya ko biyu. Riba ke nan. To ina hasara? Babur mai gudun kilomita 60 a awa yana cin kusan mita 17 cikin daƙiƙa guda. In babbar mota na tahowa da irin wannan gudu, tazarar da ke tsakaninsu na raguwa da mita 33 kowace daƙiƙa. Kafin direba ya gan shi ya taka birki, aikin gama ya gama.

Akwai abin da da yawa ba su lura da shi ba. Nijar da Najeriya duka hannun dama ake bi, Najeriya tun 1972. Idan kwana ta karkata hagu, mai babur kan kwanta ta hagu, wato kansa da kafaɗarsa na iya shiga hannun motar da ke zuwa ko da tayoyinsa ba su taka layi ba. Balle wanda ya ɗauro buhu biyu ko jarkoki a baya, faɗinsa ya ninka.

Masu yankewa na da hujjarsu: gefen kwalta yashi ne da ramuka, kuma mai kaya da nauyi yana tsoron kwanciya kada ya zame. Gaskiya ne. Amma maganin yashi shi ne rage gudu tun kafin a shiga kwana. Masu tseren babur da ake gani a talabijin suna yankewa ne a filin da babu mai tahowa daga gaba. Mu hanyarmu akwai tirela, akwai amalanke, akwai shanu, da damina gero ya rufe gani, da hunturu hazo.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutane kusan miliyan 1.19 ke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya. Mai babur ba shi da ƙarfen da zai tare masa, jikinsa ne bodi.

Saboda haka Alhaji da Hajiya, ku da kuke ba da kaya kuna cewa a hanzarta kafin kasuwa ta watse, ku sani yaron nan maganarku yake bi. Ku daina azalzala. Ku rage masa lodi ko da zai yi sawu biyu. In kuna bayansa ya yanke kwana, ku yi masa magana, in ya ƙi ku sauka ku nemi wani. Ku kuma shugabannin 'yan kabu-kabu, ku sa wannan cikin dokar tasha, tare da sa hular kwano. Hukuma ita ma ta sabunta zanen tsakiyar hanya inda ya goge, ta kwashe yashin da ya ci gefen kwalta.

Allah ya kiyaye hanya.