Baƙi suna inuwa, akwatunan zuma suna rana

Aikina a ɗakin labarai shi ne gyaran rubutun wasu, don haka sanarwar hukumomi da hotunan da ke rakiyarta sukan biyo ta teburina kafin su isa ga mai karatu. Akwai wani hoto da na gani har na haddace shi, ko da yake wuri da fuskoki suna sauyawa: an share fili tas, an jera sababbin akwatunan kiwon zuma masu murfin kwano, ga manyan baƙi a ƙarƙashin rumfa, ga matasan da aka ba tallafin sanye da fararen rigunan kariya. Baƙi suna inuwa, akwatuna suna rana. Har yau ban ga sanarwa ta biyu da ke faɗin akwatuna nawa ƙudan zuma ya shiga, ya kuma zauna har zagayowar shekara ba.

Ina ganin laifin ba na matasan ba ne, ba kuma na ƙudan ba. Yana cikin takardar da aka tsara shirin da ita, wadda ta san yawan katako da ƙusa amma ba ta san zafi da laima ba. Tunda da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta irin waɗannan takardu, ko su ɗora su a teburin mai sa hannu, da su nake magana.

Tsakiyar amya, inda sarauniya ke zuba ƙwai ake renon 'ya'ya, tana buƙatar ɗumi na kusan digiri 35 a ma'aunin Salshiyas, dare da rana. Idan ya haura haka da 'yan digiri kaɗan ya daɗe, 'ya'yan sukan mutu ko su fito da naƙasa. Ƙudan zuma yana da dabarar da yake kare kansa da ita. Wasu ma'aikatan sukan tsaya a bakin ƙofa suna kaɗa fukafukai don fitar da iska mai zafi, wasu su bar neman ruwan fure su koma jigilar ruwa, a yayyafa shi a kan saƙa, a yi ta fifita har ya bushe ya tafi da zafin. Hikimar randa ce, wadda ke sanyaya ruwa ta hanyar tsattsafowa. A ranar da zafi ya tsananta, amya guda tana iya buƙatar lita ɗaya ta ruwa ko fiye, kuma duk ƙudan da ya tafi ɗebo ruwa an yi asarar zuman da zai kawo ke nan.

Inda gizo ke saƙar shi ne laima. Randa tana sanyi da hunturu domin iska a bushe take, tana shan ruwan da ya tsattsafo. Idan iska ta riga ta ƙoshi da ruwa, fifita ba ta busar da komai. Duk mazaunin Abuja ya san wannan a jikinsa a watannin Maris da Afrilu, lokacin da iskar kudu ke fara kawo danshi alhali ruwan sama bai sauka ba: gumi yana zuba, ba ya bushewa, fanka tana juyawa a banza. Abin da ma'aikaci ke ji a ofis idan an ɗauke wuta, shi ƙudan zuma ke ji a cikin akwati mai murfin kwano, sai dai shi saƙarsa ta kaki ce. Kaki yana narkewa a wajen digiri 62 zuwa 64, amma tun kafin a kai nan yake yin laushi, saƙar da ta yi nauyi da zuma ta ɓalle ta faɗo a kan 'ya'ya.

Ba wai laima abokiyar gaba ce ta kowane hali ba. Ƙwan zuma ba ya ƙyanƙyashewa da kyau a busasshiyar iska, shi ya sa tsananin hunturu ma yake da tasa wahalar. Abin da ƙudan ke nema shi ne a bar shi ya daidaita cikin ɗakinsa da kansa, kada a jibga masa aikin da ya fi ƙarfinsa. Kuma ƙudan zumanmu na Afirka ta Yamma ba mai haƙuri da wulaƙanci ba ne. An san shi da ƙaura: idan zafi ko ƙishirwa ko damuwa suka ishe shi, sai ya tattara sarauniyarsa ya bar akwatin, ya nemi kogon bishiya. Akwatin da aka bari kuwa ya zama gidan asu mai cin kaki, wanda ba abin da yake so kamar ɗumi da rashin mai gadi.

Kakanninmu ba su karanta ma'aunin zafi ba, amma a ina suke ɗora amya? A kan reshen ɗorawa ko tsamiya ko kaɗanya, cikin inuwar ganye, inda iska ke ratsawa, kuma amyar ta ciyawa ce da aka shafe da kashin shanu, ba ta ɗaukar zafi kamar kwano. Ba ina cewa a koma gidan jiya ba ne. Akwatin zamani ya fi, domin ana ɗiban zuma ba tare da an ƙone ƙudan ko an lalata 'ya'ya ba. Amma mun ɗauki akwatin mun yar da inuwar, sa'an nan muna mamaki don kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Laima tana bin zuman har cikin kwalba. Ruwan fure yawancinsa ruwa ne, ƙudan ne ke busar da shi da fifita kafin ya liƙe bakin saƙa da kaki. Ƙa'idar abinci ta duniya ta Codex ta ce kada ruwan da ke cikin zuma ya wuce kashi 20 cikin 100. Wanda ya wuce haka yakan yi tsami, ya yi kumfa, ya kumbura roba. Zuma kuma yana jan danshi daga iska, don haka wanda aka tace a buɗaɗɗen wuri da damina yana iya lalacewa ko da an ɗebo shi da kyau. Sau da yawa mukan ce an yi wa zuma algus, alhali wani lokaci ɗanye aka ɗebo, ko aka bar shi ya sha iska. Akwai 'yar na'urar hannu da ke auna wannan da ɗigo guda, kuma ban taɓa ganin ta a jerin kayan da sanarwar tallafi ke lissafawa ba.

Wani zai ce wannan ƙaramin al'amari ne a ƙasar da ke fama da tsadar abinci. To, a watan Agustan 2025 gwamnatin tarayya ta dakatar da fitar da ɗanyen ƙwaran kaɗanya na wata 6 domin a riƙa sarrafa shi a gida. Kaɗanya kuwa tana dogara ƙwarai ga ƙudan zuma wajen barbarar furenta, kuma ita ce masu gawayi suke sarewa a dazukan Neja da Nasarawa domin murhun Abuja. Bishiyar da ke ba ƙudan inuwa da abinci ita ce muke son gina masana'anta a kanta. Abuja ta karɓi baje kolin ApiExpo Africa a 2018, kuma kowace ranar 20 ga Mayu mukan yi jawabin Ranar Ƙudan Zuma ta Duniya. Jawabi bai yi mana ƙaranci ba.

Abin da nake roƙo bai kai kuɗin rumfar taro ba. Kada a biya ɗan kwangila sai an ga akwatunan a ƙarƙashin bishiya ko rumfar ciyawa, a ɗage daga ƙasa, da tazarar iska tsakanin kwano da katako, da ruwa kusa wanda aka jefa wa tsakuwa ko itace don kada ƙudan ya nutse. Hukumar NiMet tana fitar da hasashen yanayi a farkon kowace shekara, tana kuma gargaɗi idan zafi zai tsananta. A sa layi biyu a ciki don masu kiwon zuma, a karanta a rediyo da Hausa da Gbagyi da Nufanci. Sa'an nan a sauya abin da ake ƙirgawa. Bayan wata 12 a tura jami'i ya buɗe murfi, ya rubuta akwatuna nawa ne ke da ƙuda a ciki. Idan wannan rahoton ya iso teburina, ni zan nema masa shafin farko.