Tony Gaze da Tatsuniyar Namijin da Bai San Tsoro Ba

Duk sa'ad da aka ba da labarin Tony Gaze, ɗan Ostireliya da ya tuƙa jirgin Spitfire a Yaƙin Duniya na Biyu kafin ya koma tseren mota, da yabo guda ake rufewa: wai namiji ne da ya sauko daga sama ya ci gaba da wasa da ajali a ƙasa. Wannan kirari bai dace da shi ba, kuma ya ci rayuka.

Jarumtarsa ba abin musu ba ce. Sau uku ya karɓi lambar yabo ta DFC. A 1943 aka harbo jirginsa a Faransa, 'yan gwagwarmayar ƙasar suka ɓoye shi har ya tsallaka Sifaniya. Sai dai masu kirarin kan tsallake ƙanensa Scott, wanda ya mutu cikin Spitfire a 1941. Wanda ya rasa ƙane ta wannan hanya ba ya ɗaukar mutuwa abin ado.

Babbar gudummawarsa ma shawara ce. Shi ya nuna wa mai filayen Goodwood a Ingila cewa titin da ya zagaye sansanin jiragen Westhampnett zai yi kyau da tsere, aka buɗe fagen a 1948. A 1952 ya shiga gasar Grand Prix a Spa ta Beljiyam, ya zo na 15.

Ɓarnar tana wajen masu shirya gasa. Da aka mayar da direba soja, mutuwarsa ta zama abin da aka saba, babu mai tambayar shinge ko likita. A Le Mans a 1955 'yan kallo fiye da 80 suka halaka, ba kuwa yaƙi suka je ba, tikiti suka saya. A 1966, a wannan Spa ɗin, Jackie Stewart ya maƙale cikin motarsa, fetur na jiƙa shi, har 'yan uwansa direbobi suka ari kayan aiki wajen ɗan kallo suka zaro shi. Da ya tashi neman gyara, wasu suka ce matsoraci ne, suna auna shi da mazan zamanin yaƙi.

Gaze, wanda da irinsa ake yi wa Stewart gori, ya koma tuƙin jirgi marar inji, ya rasu a 2013 yana da shekara 93.