Filin Addinin Musulunci: Yaro Ya Zaɓi Darasin Zane, Uba Ya Hana

  

'Yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu tsaya ne kan wata takarda da wani ɗan kasuwa ya aiko mana daga Kano. Ya ce ɗansa ya gama ƙaramar sakandare zai shiga babba, aka ce kowa ya zaɓi darussan da zai riƙe shekara 3 har ya ɗauki jarrabawar WAEC ko NECO, sai yaron ya zaɓi zane. Shi kuwa uban ya sha jin malamai suna cewa masu yin sura suna cikin waɗanda za su fi shan azaba ran gobe ƙiyama, saboda haka ya hana. Tun ran nan yaro ya shiga ƙunci, makarantar ma ta fita masa a rai. Alhaji yana tambaya, shin ya yi daidai ko ya yi kuskure?

To Alhaji, tsoron da ka ji yana da tushe, domin hadisin ingantacce ne, Bukhari da Muslim sun ruwaito shi. Amma wajibi ne a san abin da ake nufi da sura. A cikin littattafan nan biyu an kawo labarin wani mai sana'ar yin surori da ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, Allah Ya yarda da shi, yana neman fatawa. Ɗan Abbas ya tsoratar da shi da abin da ya ji daga Manzon Allah, sa'an nan ya nuna masa cewa in lalle sai ya yi, to, ya riƙa yin itatuwa da duk abin da ba shi da rai. Watau bai raba shi da sana'arsa ba, hanya ya gyara masa.

Malamanmu na Malikiyya sun ce surar da ta haramta ita ce ta abu mai rai, wadda take da jiki har tana yin inuwa, kuma gaɓoɓinta cikakku, kamar mutum-mutumi. Wadda aka zana a takarda ko a tufa ba ta kai haramun ba a wurinsu, iyakarta karahiyya, ko a ce barinta ya fi. Akwai malaman waɗansu mazhabobi da suka tsananta, suka haramta ko da ta takarda ce. Amma zanen bishiya da fure da gini da ado, wannan halal ne a wurin jumhurun malamai.

Shi kuwa darasin nan, zanen mutum ɗan yanki ne kawai daga cikinsa. Ana koyon haɗa launi, da tsara rubutu da tambari, da zanen atamfa, da rini, da saƙa, da ginin tukwane, da aikin fata. A takardar zane ta WAEC ma ɗalibi yana da zaɓi, ya zana kayan da aka jera masa irin su tulu da ƙwarya, ko tsiro, ko mutum. Wanda ya kiyaye addininsa yana iya ɗaukar abin da babu shubuha a cikinsa, ya kuma ci jarrabawarsa.

Mu tuna fa, wannan aiki gadonmu ne. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, masana gini sun sha zuwa su duba bakan gizonsa. Ga allon zayyana da ake yi wa ɗalibi ran saukar Alƙur'ani, ga rubutun alarammomin Kano da Barno, ga aska takwas a wuyan babbar riga, ga marinar Ƙofar Mata. Duk wannan zane ne, kuma Musulmi masu tsoron Allah ne suka yi shi.

Ku 'yan kasuwa, ku dubi atamfar da ke jibge a Kantin Kwari. Kowane turmi sai da wani ya zauna ya zana adonsa kafin a buga, aka biya shi ladansa. Haka kwalin sabulu, da allon shago, da bangon littafi. Ku ma'aikata kuma kun san babu ginin gwamnati da ake sa wa harsashi sai an zana shi tukuna. In mun hana 'ya'yanmu, waɗansu za su yi, mu kuwa mu saya da tsada, wani lokaci ma da adon da bai dace da mu ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, wadda aka kafa a 1962, tana da sashen zane da na ƙirar kayan masana'antu, inda ake koyon tsara tufafi da tangaran.

Shawararmu ga Alhaji ita ce, ka tafi makarantar da ƙafarka, ka ga malamin darasin, ya nuna maka manhaja. Ka gindaya wa yaro sharaɗi cewa babu sassaƙa mutum-mutumi, babu zanen tsiraici, kuma ya fi mai da hankali ga ado da rubutu da tufafi. Kada ya yi sakaci da Turanci da lissafi, domin in yana son ilmin tsara gine-gine a jami'a, lalle sai da lissafi da fiziks. Haka nan kada karatunsa na Islamiyya ya tsaya. In ya karɓi waɗannan, ka sa masa albarka ka bar shi, gama baiwa amana ce, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah Shi ne Mafi sani. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ciyar da su halal, amin.