Wasan haɗa kalmomin Turanci: a bar yaranmu su yi, amma su san ma'anar abin da suke jerawa



Duk wanda ke zagaya unguwanninmu na Hausawa a nan Legas da yamma, daga Agege har Idi-Araba, zai lura yaranmu sun samu sabon abin yi. Za ka tarar da su huɗu sun kewaye allon Scrabble, kowa na jera haruffan Turanci yana ƙirga maki. Wasu kuma a waya suke nasu, suna cike gurbin kalmomi. Iyaye da dama suna tambayarmu ko wannan ba wata karta ba ce aka sauya wa riga. Ra'ayinmu shi ne a bar su su yi, wanda ke da hali ma ya saya musu allon. Sharaɗinmu ɗaya ne: duk kalmar da yaro bai san ma'anarta ba, kada a ba shi makinta.

Ga waɗanda ba su san wasan ba, wani Ba'amurke mai suna Alfred Butts ne ya ƙirƙiro shi a shekarun 1930. Allon yana da gidaje 225, ƙwayoyin haruffa kuma 100 ne. Kowane ɗan wasa yana riƙe da bakwai, in ya ajiye su duka a lokaci guda a ƙara masa maki 50. Haruffan da ba a cika samu a kalmomi ba su ne masu tsada: Q da Z maki goma-goma, J da X takwas-takwas. Babu kuɗi a ciki, kuma wanda ya fi sanin kalmomi da iya lissafi shi ke yawan cinyewa.

Najeriya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 2015, Wellington Jighere, ɗan jihar Delta, ya lashe gasar duniya a birnin Perth na Ostareliya bayan ya doke Lewis Mackay na Ingila da ci 4 da nema. Shi ne ɗan Afirka na farko da ya ɗauki wannan kambu, har shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya kira shi a waya ya taya shi murna. Yaran maƙwabtanmu Yarabawa da Inyamurai suna buga wasan a makarantunsu, don haka babu dalilin da zai sa namu su zama 'yan kallo.

Sai dai akwai inda gizo ke saƙa. Dokar gasa ba ta tambayar ma'ana, abin da take dubawa kawai shi ne ko kalmar tana cikin kundin Collins, wanda ya ƙunshi kalmomi sama da 270,000. A wannan shekarar ta 2015, Nigel Richards, ɗan ƙasar New Zealand, ya lashe gasar duniya ta Faransanci alhali ba ya jin Faransanci, kundin kalmomin kawai ya haddace. Bajinta ce babu shakka, amma ɗanka da zai zauna jarrabawar WAEC ba irin wannan bajintar yake bukata ba.

Mun ga yara suna ajiye QI, ZA, XU da AA cikin alfahari, in ka tambaye su me suke nufi sai su yi zuru. QI kalma ce da aka aro daga Sinanci, tana nufin ƙarfin rai a fahimtar Sinawa. ZA gajarce sunan abincin nan pizza ne. XU ƙaramin kuɗi ne da aka yi amfani da shi a da a ƙasar Vietnam. AA kuma wani dutse ne mai kaushi da ke samuwa in narkakken dutsen aman wuta ya daskare. Yaron da ya san waɗannan bayanai ya tsinci ilimin ƙasa da na al'adu a cikin wasa. Wanda bai sani ba kuwa karatun aku ya yi.

Abin da ya sa muka damu shi ne, ba a shiga jami'a a ƙasar nan sai da kiredit a Turanci, kuma duk mai zana JAMB dole ya amsa takardar Turanci ko me zai karanta. A can ana ba yaro kalma a ce ya zaɓo wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kishiyarta. Yaro zai iya cin maki da BORROW da LEND a allo, amma in bai san ta farko karɓar aro ba ce, ta biyu kuma bayar da aro, zai faɗi tambayar. Haka BANK: banki ne, kuma gaɓar kogi ce. Jimla ce ke nuna wadda ake nufi.

Wasu matasanmu sun ce wannan sharaɗi zai rage wa wasan armashi, kuma zakaru ba sa ɓata lokaci kan ma'ana. Mun ji. Wanda ya kai matakin gasa ya bi dokar gasa. Amma a cikin yara ɗari, nawa ne za su zama zakarun duniya? Jarrabawa kuwa tana jiran dukkansu, haka cike takardar neman aiki da karanta yarjejeniyar haya. Mu mutanen hadda ne tun daga makarantar allo, kuma malamanmu ba su taɓa cewa a tsaya nan ba. Bayan sauka sai a zauna gaban malami a ɗauki littattafai ana fassarawa kalma bayan kalma. Wannan tarbiyya muke so a kawo kan allon wasa.

Ga shawararmu ga iyaye da malaman darasin yamma. A ajiye ƙamus kusa da allo. Duk wanda ya ajiye kalma ya faɗi ma'anarta da Hausa, sannan ya sa ta a jimlar Turanci. In ya kasa, abokin karawarsa ya duba ƙamus ya karanta wa kowa, makin kuma ya tashi. Kowane yaro ya riƙe ɗan littafi yana rubuta sabbin kalmomi biyar bayan kowane zama. A fara musu da waɗanda suka riga suka sani: NAIRA, KOBO, IMAM, EMIR da ZAKAT duk karɓaɓɓu ne a wasan, ZAKAT kaɗai maki 18 ce. 'Yan mata ma a ba su nasu allon a cikin gida. In an kira salla kuma, a tattara haruffa a tashi.

Mai allon Scrabble da ke ajiye a gida ba a amfani da shi, ko tsohon ƙamus, ya taimaka ya miƙo wa shugabannin ƙungiya na unguwarsa domin a raba wa yara.

Allah Ya yi wa zuri'armu albarka, Ya ba su ilimi mai amfani. Amin.