Waifai na haɗaka a gidajen haya: mabuɗin yana hannun wa?

Tun da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025, lissafin data ya canza wa kowa. Shi ya sa a unguwanninmu irin su Agege da Idi-Araba da Sabo ta Ibadan ake ta maganar haɗa kuɗi a ja layi ɗaya, gida guda ko jerin shaguna su raba. Wasu rautar kamfanin waya suke saye, masu ƙarfi kuma su ɗauko Starlink, wanda ya shigo Najeriya a farkon 2023. Dabara ce mai kyau, amma akwai abin da ba a cika faɗa wa masu biyan kuɗin ba.

Rauta ɗaya ba ta iya cika gida mai ɗaki goma sha biyar, don bangon siminti yana cinye sabis. Nan ne na'urorin mesh suke shigowa, irin su Deco na TP-Link ko eero. Uwa ɗaya ce ake jona wa layin, sai 'ya'ya biyu ko uku a baza su cikin gida, suna miƙa wa juna sabis da suna ɗaya. Zangon 2.4 ya fi nisa da ratsa bango, zangon 5 ya fi gudu amma ba ya nisa. In da hali a ja waya tsakanin uwar da 'ya'yan, ya fi komai. Wannan ɓangaren duk mai haɗawa ya sani.

Abin da ake bari a baya shi ne manhajar da ke cikin na'urar. Rauta ƙaramar kwamfuta ce, kuma kamar waya, kamfaninta yana turo gyara duk lokacin da aka gano ɓaraka. In ba a sabunta ba, ɓarakar tana nan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta mamaye na'urori masu ɗimbin yawa ta hanyar gwada kalmomin sirrin da suka zo da su daga kamfani, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin su Twitter da Netflix na wasu sa'o'i. A 2018 sai da FBI ta Amurka ta roƙi jama'a su kashe rautocinsu su kunna, bayan wata manhajar ta kama na'urori kusan dubu 500 a ƙasashe 54. Birtaniya ma tun Afrilun 2024 ta hana sayar da na'ura mai kalmar sirri irin "admin" ko "12345".

To mu namu yanayin ya fi nasu wuya. Na farko wuta. Yawancin na'urorin nan cikin dare suke sabunta kansu, lokacin da aka kashe janareta, don haka sai a yi watanni ba su samu ba. In kuma aka ɗauke wuta ana tsakiyar sabuntawa, na'urar na iya mutuwa gaba ɗaya. Na biyu kayan tokumbo. Wata rautar mai araha kamfanin ya daina turo mata gyara tuntuni, wata kuma har yanzu tana ɗaure da asusun mai ita na farko.

Na uku, wanda ya fi damuna, shi ne amana. Yaron da ya zo ya haɗa, sau da yawa da wayarsa da imel ɗinsa yake buɗe asusun, ya karɓi kuɗin aikinsa ya tafi da mabuɗin. Ba lallai ya iya karanta abin da ke cikin manhajar bankinka ba, don a kulle take. Amma wanda ke riƙe da rauta yana iya karkatar da kai zuwa shafin bogi mai kama da na banki. Ka tuna a kan layin nan ne Alhaji ke duba alat na kuɗin shanu, mai POS ma yana kai. Sannan in rautar mai sim ce, sim ɗin yana ɗaure da lambar NIN ta mutum ɗaya. Wani baƙo ya yi damfara a kai, sunan mai layin za a fara gani, kuma mu da ke zaune a Kudu mun san yadda laifin mutum ɗaya ke zama na al'umma.

Gyaran ba tsada. Asusun ya zama da sunan wanda gidan ya yarda da shi, a gabansa za a buɗe. A canza kalmar sirrin shiga saitin rauta, ta bambanta da wadda ake ba mutane. A buɗe layin baƙi daban, masu harkar kuɗi su zauna a nasu. A sa uwar a kan inbata ko ƙaramin batir, a riƙa duba sabuntawa ko sau ɗaya a wata, da rana, lokacin da wuta ta tsaya. Wanda ya tashi daga gidan, a canza kalma.

Shugabannin kasuwa da masu unguwanni, yadda ake tambayar wa ke riƙe da mabuɗin shago, haka ya kamata a fara tambayar wa ke riƙe da na rauta. Allah ya tsare mana dukiyarmu da mutuncinmu.